Faifai A Filin Masu Sanda

A watan jiya wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Amurka ya zo ganin gida, kuma a cikin tsarabar da ya zube a tsakar gida har da wasu faya-fayan roba guda uku, ja da shuɗi da rawaya. Kafin ya buɗe baki gwaggonsa ta ɗauki jan ta kife a kan kwanon koko, ta ce Allah ya yi albarka, dama murfin ya daɗe da ɓata. Sai da aka gama dariya ya ce mata, "Gwaggo, ai wannan ba murfi ba ne, kayan wasa ne. Da shi muke yin golf." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, golf ɗin da manya ke yi da sanda? Da murfin kwano?"

Mu ma da labarin ya iso mana, tambayar da muka yi ke nan. Golf ɗin da muka sani shi ne wanda ake hangowa ta bayan shinge, a Achimota can Ankara ko kuwa a Kumasi, wasan manyan ma'aikata da attajirai da baƙin Turawa. In ka ga yaron unguwa a ciki, to, jakar wani yake ɗauke da ita. Saboda haka muka zaunar da baƙon namu muka yi masa tambayoyi, sa'an nan muka ƙara da namu binciken. Abin da muka gano shi ne, wasan gaskiya ne, yana da dokoki da ƙungiya da zakaru, kuma a wasu garuruwan Amurka ana yin sa a fili ɗaya, rana ɗaya, da masu sandar.

Ga yadda wasan yake. Maimakon ƙwallo da sanda, faifai ne da hannu. Maimakon rami a ƙasa, wani kwandon ƙarfe ne a jikin turke, bakinsa ya kai wajen ƙugun mutum, an rataya sarƙoƙi daga samansa suna saukowa ciki. Mai wasa zai tsaya a mafari ya jefa faifai, inda ya faɗi nan zai je ya tsaya ya sake jifa, har faifan ya daki sarƙa ya zauna cikin kwando. Kowane kwando da adadin jifan da aka yanka masa, galibi uku. A ƙarshen kwando 9 ko 18 sai a haɗa lissafi, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Faifan da ake gasa da shi bai wuce nauyin giram 200 ba, faɗinsa kuma bai gaza santimita 21 ba. Iri uku ne manya: mai kaifin baki na cin nisa, da matsakaici, da mai kaurin baki na jefawa cikin kwando daga kusa. Ukun da gwaggo ta gani ke nan, kuma jan da ta zaɓa shi ne na kusa, don ya fi zurfi.

Asalin wasan ba shi da uba guda. An ba da labarin wasu 'yan makaranta a ƙauyen Bladworth na ƙasar Kanada da suka riƙa jifan itatuwa da turakun shinge da murafan gwangwani tun 1926. Faifan roba kuwa wani Ba'amurke ne, Walter Morrison, ya ƙera shi, ya sayar wa kamfanin Wham-O a 1957, aka raɗa masa suna Frisbee. Amma wanda ya mai da jifan faifai wasa mai tsari shi ne Ed Headrick, tsohon ma'aikacin wannan kamfani. A 1975 ya kafa fili na farko a gandun shaƙatawa na Oak Grove kusa da Pasadena, jihar Kalifoniya. Da farko turaku ne kawai ake jifa, sai gardama ta yi yawa, wannan ya ce ya taɓa, wancan ya ce bai gani ba. Shi ya sa Headrick ya ƙago kwando mai sarƙa, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1977. Faifai ko dai yana ciki ko yana waje, magana ta ƙare. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, watau PDGA, a 1976. A 1983 Dave Dunipace ya fito da faifai mai kaifin baki wanda ya fi na da cin nisa ƙwarai, daga nan filayen suka fara tsawo. Headrick ya rasu a 2002, kuma bisa wasiyyarsa aka ƙone gawarsa aka cakuɗa tokar da roba aka yi faya-fayai da ita. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji Hausawa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, a gandayen shaƙatawa na jama'a wasan ya girma, inda ba mai gadi, ba kuɗin shiga, ba dokar irin rigar da za ka sa. Faifai guda dala 10 zuwa 20 ne, kuma da guda ɗaya ma ana iya zagaye fili. A shekarar 2024 filayen wasan sun haura 15,000 a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 kyauta ne. Ƙasar Finlan kaɗai, wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, tana da fiye da 1,000. To, in haka ne, me ya kai masu faifai filin golf, kuma me ya sa masu sanda suka buɗe musu ƙofa?

Ruwa ba ya tsami banza. Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa a Amurka ba kowane filin golf ne na kulob ba. Wajen kashi uku cikin huɗu a buɗe suke ga duk wanda ya biya kuɗin zagaye, wasu kuma mallakar hukumar gari ne, kamar yadda kasuwa ko tashar mota take. Mafi tsufa a cikin na hukuma shi ne na Van Cortlandt, wanda aka buɗe a 1895 a Bronx ta birnin Niyok, unguwar da 'yan'uwanmu da yawa ke zaune a yau. A cikin waɗannan filaye akwai gajeru, masu rami 9 maimakon 18, wasu ma ramukansu duka na bugu uku ne, tsawon kowanne mita 100 zuwa 200. Su ne filayen masu koyo, da tsofaffi, da ma'aikacin da ya tashi aiki yana da awa biyu kafin magariba.

A farkon shekarun 2000 masu buga golf a Amurka sun kai wajen miliyan 30. Bayan shekara goma sha wani abu suka sauka zuwa wajen miliyan 24. Daga 2006, shekara da shekaru, filayen da ake rufewa sun fi waɗanda ake buɗewa yawa. Ita kuwa ciyawa ba ta san an rage zuwa ba. Kullum sai an ba ta ruwa, an yanke ta, an sa mata taki, an biya ma'aikata. Filin da aka rufe kuwa, masu gine-gine na nan suna jira.

Misalin da ya fi jan hankalinmu shi ne filin Gleneagles da ke cikin gandun McLaren a birnin San Faransisko. Rami 9 ne, an buɗe shi a 1962, mallakar birnin ne amma a hannun mai haya yake. A gefen tudu aka yi shi, ga iska daga teku, ga dogayen itatuwa, kuma yana maƙwabtaka da gidajen Sunnydale, waɗanda hukuma ta gina wa marasa ƙarfi. Ba wurin da attajirai ke rububin zuwa ba ne. A 2014, ana tsakiyar farin da ya addabi Kalifoniya, kuɗin ruwa ya tashi har mai hayar ya kusa ajiye makulli. Abin da ya fara ceto filin shi ne wata yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, aka mai da shi wurin koya wa matasa aikin kula da ciyawa da itatuwa. Sa'an nan a 2017 aka kafa kwanduna 18 a cikinsa, masu faifai da kansu suka taimaka da kuɗi da ƙarfinsu. A 2018 da 2019 har manyan 'yan wasan duniya sun yi gasa a wurin. Abin mamakin shi ne, a cikin birnin nan akwai wani filin faifai a gandun Golden Gate wanda kyauta ne, amma duk da haka mutane suka yarda su biya su shiga Gleneagles.

Lissafin mai fili ba shi da wuya. Kwando guda 'yan ɗaruruwan daloli ne, ba ya shan ruwa, ba ya bukatar aski, kuma yana shekaru a tsaye. Filin golf mai rami 18 yakan ci wajen eka 150, alhali kuwa kwando guda eka 1 ko 2 sun ishe shi. Saboda haka ramin golf mai tsawo guda yakan ɗauki kwando biyu, fili mai rami 9 ya ba da kwando 18 cif. Ciyawar da dama dole a yanka ita ce dai, sai ga sababbin masu biya a lokutan da filin ke zama wayam.

Yanzu bari mu shiga fili tare da baƙon namu. Nasa filin ba wannan ba ne, wani ƙaramin fili ne na hukumar garin da yake zaune, mai gajerun ramuka 9, kowane rami da kwandonsa. Ya ce abu na farko da ya bambanta da gandun kyauta shi ne layi. Sai ka je ofis ka biya, a ba ka lokacinka, ka jira ayarin gabanka su yi nisa. Kuɗin masu faifai bai kai na masu sanda ba. In kana so ka hayi 'yar motar lantarki ka ɗora jakarka, amma shi a ƙafa yake bi.

Ba a kafa kwando a kan ramin golf. Kewaye da kowane rami akwai wata ciyawa mai laushi da aka aske ƙwal, kamar darduma, kuma ita ce mafi tsada a filin duka, don a kanta ƙwallo ke gangarawa zuwa ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Faifai mai kaifi in ya sauka da baki yakan yanke ta, takalmin mai ɗaukar gudu kuma ya murje ta. Shi ya sa ake kai kwando gefe, ko bayan itace, ko kan gangare, kuma galibi ana haramta dardumar nan: in faifanka ya kwanta a kai, an ci ka tarar jifa ɗaya, ka ɗauko shi a hankali ka fita waje ka yi jifa. Ramukan yashi ma haka. A nan ne ɗan'uwanmu ya sha kunya ranar farko. Faifansa ya kwanta a tsakiyar darduma, shi kuwa bai san dawan garin ba, ya shiga ya gyara tsayuwa zai yi jifa. Sai ya ji wani tsoho mai sanda ya daka masa tsawa daga nesa, kai ka ce gonarsa aka shiga. Ya ce har yau in sun haɗu tsohon yakan ɗaga masa hula, amma idonsa na kan takalminsa.

Sai maganar nisa. Ramin mita 150 ga mai sanda bugu ɗaya ne, ba tare da ya yi gumi ba. Ga mai faifai kuwa tafiya ce. Wanda ya ɗan iya yakan jefa mita 60 zuwa 90, ƙwararru su wuce 130. Watau filin da masu golf ke kira gajere, ga masu faifai dogo ne. A kurmi, inda wasan ya saba, dabara ce ke aiki, a zura faifai tsakanin itatuwa biyu kamar zare a allura. A buɗaɗɗen fili kuwa ƙarfin hannu da sanin iska ne.

Wannan sanin iska shi ne abin da baƙon namu ya fi daɗewa yana bayani, har da tashi tsaye. Faifai ba dutse ba ne, tashi yake yi kamar fiffike, juyawar da yake yi kuma ita ke riƙe shi kada ya kife. Na-dama in ya jefa da bayan hannu, faifan zai tafi, in gudunsa ya ragu sai ya karkata hagu ya sauka. Kowa ya san haka, don haka ake auna dama da kwando a bar shi ya dawo da kansa. Amma in iska na fuskantarka, sai faifan ya yi kamar an jefa shi da ƙarfin da ya wuce kima, ya ɗaga, ya juya dama, ya tafi inda ba a aike shi ba. In tana bayanka kuma sai ta danne shi ƙasa tun bai kai ba. A cikin itatuwa akwai mafaka, a filin golf babu. Har ila yau gajeriyar ciyawa ba ta riƙe faifai. Yakan daki ƙasa ya yi tsalle kamar tsakuwa a kan ruwa, ko ya tashi a kan bakinsa ya gangara kamar garen yara, har ya koma bayan inda aka jefo shi in wurin tudu ne. Gwanaye suna amfani da wannan da gangan, su gara faifai a ƙasa ya ci nisan da ba zai ci a sama ba. In an zo cikin mita 10 da kwando sai doka ta ƙara tsauri: ba ka ƙetare inda faifanka ya faɗi sai ka nuna kana tsaye daram bayan jifa. Daga nan sai ƙarar sarƙa, wadda ya ce ita ce ke sa mutum ya dawo gobe.

Akwai alherin da ba a musu. Ba ƙaya, ba doguwar ciyawar da za ta haɗiye faifai a yi ta nema (doka minti 3 kawai ta bayar kafin a ce ya ɓata), ga banɗaki, ga wurin sayen ruwa. Tsoho ko mai ciwon gwiwa zai iya hawa mota ya zagaya. Amma akwai haɗari, kuma ba daidai yake ga ɓangarorin biyu ba. Ƙwallon golf bai kai giram 46 ba, amma tauri gare shi kamar dutse, yana barin sanda da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, kuma ba a ganinsa sai ya iso. Faifai ko a hannun ƙwararre wajen kilomita 100 yake yi, ana kuma ganin zuwansa. A gajeren fili, inda masu koyo suka fi yawa kuma ramuka ke kusa da juna, mai faifai yakan tsaya daidai gefen da ƙwallon ɗan koyo ke zuwa. Duka wasannin biyu kalma ɗaya suke ƙwalawa ta gargaɗi, "fo!" In ka ji ta kada ka waiwaya neman mai kira, ka duƙa ka rufe kai.

Zaman nasu dai wani lokaci na 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba, wani lokaci kuma na doya da manja. Masu sanda suna son shiru lokacin bugu, suna ƙorafin surutu da kiɗa da 'yan rigunan da ba su saba gani ba. Masu faifai sun fi sauri, zagayen kwando 18 wajen awa biyu ne, na rami 18 kuwa awa huɗu, saboda haka kullum suna bayan wani ayari suna jira. A cikin masu faifan ma ba baki ɗaya ba. An yi manyan gasanni a filayen golf na jama'a, kamar Swenson Park a Stockton da Glendoveer a Portland, don sun fi sauƙin ɗaukar 'yan kallo da na'urorin ɗaukar hoto. Kuɗi kuma ya shigo wasan, tun da a 2021 Paul McBeth, wanda ya ci kambin duniya sau shida, ya sa hannu da kamfanin Discraft a kan dala miliyan 10 na shekara 10. Amma tsofaffin 'yan wasa da dama suna ganin buɗaɗɗen fili na masu dogon hannu ne kawai, kuma wasan da aka haifa kyauta bai kamata ya saba da bakin ofis ba.

A namu ganin, biyan kuɗi kaɗan don a shiga filin da ake kashe wa ruwa da taki ba zalunci ba ne, muddin na kyauta suna nan. Abin da ya fi damunmu wani ne dabam. An kira masu faifai ne lokacin da golf ke cikin wahala. A 2020, da annobar korona ta hana taruwa a ɗaki, mutane suka fita fili, wasannin biyu duka suka cika maƙil. In fili ya cika, mai haya zai duba wa ya fi biya, kuma amsar a bayyane take. Sai a tura masu faifai zuwa yamma liƙis, ko ranakun aiki, ko lokacin sanyi. Kwando kuwa ba kamar rami ba ne, a soket yake zaune da ƙwaɗo, mutum biyu sun isa su cire 18 kafin azahar. Baƙo raɓa ne, mu kuwa ba sai an fassara mana wannan ba. To, amma fili in na hukumar gari ne, harajin mai faifai da na mai sanda duka suna cikinsa, har da na matar Sunnydale da ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ba mu ga dalilin da zai sa a ce ɗaya mai gida ne ɗaya baƙo ba, sai dai cewa ɗaya ya riga zuwa. Inda masu faifai suka kafa ƙungiya, suka sa kuɗinsu da guminsu a filin, suka je zaman majalisar gari suka yi magana, a nan ne cire kwando ke da wuya.

Ɗan'uwanmu ya koma ranar Lahadin da ta wuce. Ya bar wa yaran gidan shuɗin da rawayan, kuma tun daga ranar suke neman wurin da ya kai taku 60 babu rufin kwano, babu igiyar shanya, babu mai tuyar ƙosai a hanya. Filin makarantar da iyayensu suka yi ƙwallo a ciki an yi shaguna a rabinsa, saura rabin kuma motocin haya ke kwana. A yanzu dai sun samu bayan maƙera, suna jifan turken lantarki da la'asar in an tashi aiki, kuma gardamar da ta sa Headrick ƙera kwando ta riga ta ɓarke a tsakaninsu. Wani maƙeri ya ce in an kawo masa tsohuwar sarƙar babur da rabin ganga zai gwada. Jan kuwa yana nan a kan kwanon koko, gwaggo ta ce wanda ya isa ya zo ya ɗauka.